WASAN ƘWALLON LAMBU DA ZAƁEN SANDUNAN ƊAN KOYO

1.0 Gabatarwa

Daga cikin baƙin wasannin da suka shigo ƙasar Hausa bayan zuwan Turawa, ƙwallon ƙafa ne ya fi samun karɓuwa, domin ba ya bukatar komai sai fili da ƙwallo guda. Ƙwallon dawaki kuma ya sami mazauni a fadoji, musamman fadar Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, da yake dama Bahaushe da doki ba baƙin juna ba ne. Wanda ya tsaya a bayan shinge shi ne wasan golf, wanda kafofin yaɗa labarai na Hausa suka laƙaba wa suna ƙwallon lambu. Sunan kansa ya nuna daga inda aka hango wasan. Mai wucewa a kan titi ne ya leƙa, ya ga wani makeken fili mai ciyawa da itatuwa, ga wasu mutane suna tafe suna bin ɗan farin ƙwallo, yaro yana biye da su da jaka a kafaɗa. Daga nan aka yanke hukuncin cewa wasa ne na manyan ma'aikata da hafsoshin soja da attajirai.

Akwai gaskiya a cikin wannan hukunci, domin wasan yana cin kuɗi, yana kuma cin lokaci. Sai dai kaso mai yawa na kuɗin da sabon shiga yake kashewa a kan kuskure yake tafiya. Mutum ne zai yi sha'awar wasan, tun bai taɓa buga ƙwallo ko sau ɗaya ba, sai ya kwashi albashin watanni ya sayi cikakkiyar jakar sanduna irin wadda ya ga gwanaye suna amfani da ita a talabijin. Bayan 'yan makonni yana dukan ƙasa da iska, sai ya jingine jakar a bayan ƙyaure, ya ce wasan bai karɓe shi ba, alhali kuwa kayan aikin ne ba na ajinsa ba. Wannan darasi zai yi bayanin yadda wasan yake, da yadda sandunansa suke aiki, da kuma waɗanda suka dace a fara da su. Malami, wanda sana'arsa ita ce ɗora mai koyo daga abu mai sauƙi zuwa mai wuya, ya fi kowa cancantar fahimtar wannan al'amari.

2.0 Asalin Wasan da Shigowarsa Nijeriya

Golf irin wanda ake yi a yau a ƙasar Sikotlan ya girma, a kan tuddan yashi na bakin teku waɗanda ba su da amfani ga manomi. Rubutu mafi daɗewa da ya ambace shi a can wata doka ce ta shekarar 1457, lokacin da Sarki James na Biyu ya haramta shi tare da ƙwallon ƙafa, saboda sun shagaltar da samari daga koyon harbin baka. Dokar ba ta yi tasiri ba. A shekarar 1502 jikansa, Sarki James na Huɗu, ya sayi sandunan wasan da kansa daga wurin wani mai sassaƙa bakuna a garin Perth. An rubuta dokokin wasan na farko, guda 13, a shekarar 1744 domin wata gasa a Leith, kusa da Edinburgh. A shekarar 1764 kuma aka rage zagayen filin St Andrews daga ramuka 22 zuwa 18, adadin da sauran duniya ta bi daga baya. Gasar Open ta Birtaniya, wadda ita ce mafi tsufa cikin manyan gasannin wasan, an fara ta a Prestwick a shekarar 1860. Hukumomi biyu ne suke tsara dokokin tare: R&A da ke St Andrews, da USGA ta Amurka wadda aka kafa a 1894.

A Nijeriya wasan ya biyo ma'aikatan mulkin mallaka da na kamfanoni. Turawan haƙar kuza ne suka buɗe filin Rayfield a Jos a shekarar 1913, na Kaduna ya biyo baya a 1921. Akwai kuma filaye a Kano da Zariya da Minna, sai babban filin Abuja mai ɗauke da sunan IBB, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1990. Saboda haka mazaunin waɗannan garuruwa ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya ga wasan da idonsa.

3.0 Tsarin Wasan

Manufar wasan mai sauƙin faɗa ce: a bugi ƙwallo daga mafari har ya faɗa cikin rami, da bugu mafi ƙaranci. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci, saɓanin yawancin wasanni inda mai yawan maki yake nasara. Faɗin bakin ramin milimita 108 ne. Ƙwallon kuwa nauyinsa ba ya wuce giram 45.93, faɗinsa ba ya kasa milimita 42.67, jikinsa cike da ƙananan lotsa-lotsa waɗanda suke taimaka masa ya tashi ya yi nisa a iska.

Kalmar rami a bakin 'yan wasa ba ta tsaya ga ramin kaɗai ba, ta haɗa duk tsawon filin da ke tsakanin mafari da tuta. A mafari ne kaɗai aka yarda a ɗora ƙwallo a kan ɗan turke. Daga nan sai shararriyar hanya mai gajerar ciyawa, a gefenta akwai doguwar ciyawa da itatuwa, nan da can kuma an haƙa ramukan yashi ko an bar kududdufi domin su zama tarko. A ƙarshe akwai farfajiya mai lallausar ciyawa kamar darduma, inda ake gangara ƙwallo zuwa rami. A wuraren da ruwa ya yi ƙaranci, har da wasu filayen Arewacin Nijeriya, an daɗe ana maye gurbin wannan ciyawa da yashin da aka cakuɗa da baƙin mai aka daddale, ana share shi bayan an gama bugu.

Kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran gwani zai gama shi da shi, uku ko huɗu ko biyar, gwargwadon tsawonsa. Wannan shi ne ma'aunin rami. Idan aka haɗa na ramuka 18 yakan kama 70 zuwa 72. Zagaye ɗaya yakan ci kimanin awa huɗu, da tafiyar ƙafa ta kilomita bakwai ko fiye. Ma'aikacin da ba shi da wannan sarari yakan wadatu da ramuka tara tsakanin la'asar da magariba, kuma doka ta san da wannan rabin zagaye.

Wani abin da ya bambanta wasan shi ne tsarin rangwame. Ana duba sakamakon ɗan wasa na baya a ba shi adadin bugun da za a cire masa. Alal misali, mai rangwamen 24 da ya gama da bugu 96, za a lissafa masa 72. Mai rangwamen 6 da ya gama da 80, za a lissafa masa 74. Ke nan na farkon ya ci, duk da cewa na biyun ya fi shi iyawa. Tun daga shekarar 2020 aka haɗe tsare-tsaren rangwame na ƙasashe daban-daban suka zama guda, kuma mafi yawan abin da ake ba mutum shi ne 54. Da wannan ne dattijo mai shekara saba'in yake iya karawa da saurayi, ɗan koyo kuma ya shiga gasa tun bai ƙware ba.

4.0 Sanda da Sassanta

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar sandar golf ita ce a kwatanta ta da fartanya. Tana da kai, wanda shi ne mai haɗuwa da ƙwallo. Tana da ƙota, wato dogon jikin da ya haɗa kan da hannu. Tana kuma da mariƙi na roba a ƙarshen ƙotar. Ɓangaren kai da yake dukan ƙwallo shi ake kira fuska, kuma an tsattsaga ta da layuka domin ta kama ƙwallon ta sa shi juyawa.

Abubuwa biyu ne suke bambanta wata sanda da wata: tsawon ƙota da kishingiɗar fuska. Fuskar da take kusan a tsaye tana tura ƙwallo gaba, ya tafi ƙasa-ƙasa ya yi nisa. Fuskar da ta kishingiɗa baya tana ɗaga shi sama, ya sauka kusa ya tsaya. Ana auna wannan kishingiɗa da digiri. Lambobin da ake gani a gindin sanduna wannan suke nunawa: duk lokacin da lamba ta ƙaru, ƙota tana raguwa da kimanin rabin inci, fuska kuma tana ƙara kishingiɗa da digiri uku zuwa huɗu.

Rukuni na farko shi ne sandunan katako, masu ƙaton kai da doguwar ƙota. Sunan ne kawai ya saura, domin tun bayan da kamfanin TaylorMade ya fito da mai kan ƙarfe a shekarar 1979 katako ya fara ja da baya, yanzu kuwa da ƙarafa marasa nauyi ake yin su. Babbarsu ita ce wadda 'yan wasa suke kira direba, mai ƙota kimanin inci 45 da fuska mai digiri 9 zuwa 13. Mai lamba 3 tana da kimanin digiri 15, mai lamba 5 kuma kimanin 18. Rukuni na biyu shi ne sandunan ƙarfe, masu siririn kai, daga lamba 3 zuwa 9. Ta tsakiyarsu, mai lamba 7, tana da ƙota kimanin inci 37 da fuska mai digiri 30 zuwa 34. Rukuni na uku su ne weji, gajeru masu fuska a kwance sosai, na bugun kusa da fita daga yashi. Na huɗu ita ce fota, ta gangara ƙwallo a kan farfajiya. Daga baya an sami na biyar, sanda ruwa-biyu, wadda ta ɗauko faɗin kai daga ta katako, ta ɗauko gajartar ƙota daga ta ƙarfe.

Doka ta taƙaita abin da ɗan wasa zai ɗauka zuwa sanduna 14. An kafa wannan iyaka a Amurka a shekarar 1938, a Birtaniya kuma a 1939, bayan da wasu gwanaye suka riƙa ɗora wa masu ɗaukar musu jaka sanduna fiye da ashirin. Abin lura a nan shi ne, 14 iyaka ce ta sama. Babu dokar da ta hana mutum shiga fili da sanduna biyar.

5.0 Dalilin da Ya Sa Ɗan Koyo Ba Ya Bukatar Cikakkiyar Jaka

Hikimar yawan sanduna ita ce kowace ta kai ƙwallo wata tazara ta daban da lilo iri ɗaya. A hannun gwani, tsakanin ƙarfe mai lamba 7 da mai lamba 8 akwai bambancin kimanin mita goma, kuma ya san haka tabbas, domin kullum tsakiyar fuska yake sa wa ƙwallo. Ɗan koyo kuwa bugunsa bai zauna ba. Da sanda guda zai iya kai mita 110 yanzu, bugu na gaba ya kai 60, na uku ya gangara a ƙasa. Idan kuskuren hannu ya kai mita hamsin, bambancin mita goma da ke tsakanin sanduna biyu ba shi da wata ma'ana. Bugu da ƙari, wanda lilonsa ba shi da sauri ba ya iya ɗaga ƙwallo da sandar da fuskarta take a tsaye, saboda haka mai lamba 4 da mai lamba 6 sukan kai masa wuri ɗaya, wani lokaci ma mai lamba 6 ta fi nisa. Ya biya kuɗin sanduna uku, yana cin amfanin guda.

Akwai kuma illa ta fuskar koyo. Kowace sanda tana da tsawonta, don haka tana da irin tsayuwar da ake yi mata. Mai canza sanduna goma sha huɗu a makon farko kamar yaron da aka ba baƙaƙe da wasula duka a rana ɗaya ne. Tarihin wasan ya nuna cewa yawan kaya ba shi yake koyarwa ba. Seve Ballesteros, wanda aka haifa a ƙauyen Pedreña na arewacin Sifen a shekarar 1957, ya koyi wasan yana yaro a bakin teku da sandar ƙarfe guda ɗaya mai lamba 3. Da ita yake bugun nesa da na kusa da na fita daga yashi. Ya girma ya ci gasar Open sau uku, a 1979 da 1984 da 1988, ya ci ta Masters sau biyu, a 1980 da 1983. Wannan ba hujja ba ce ta a fara da lamba 3, domin tana cikin sanduna mafi wuyar sarrafawa, kuma ba kowa ne Ballesteros ba. Abin da labarin ya tabbatar shi ne sanin sanda guda ciki da waje ya fi mallakar goma da ba a sani ba.

Sanduna shida sun isa shekarar farko. Ta katako mai lamba 5 za ta yi aikin bugun mafari da dogon bugu a kan hanya. Ruwa-biyu guda za ta maye gurbin dogayen ƙarafa masu lamba 3 da 4 da 5. Sai ƙarfe mai lamba 7, wadda da ita masu koyarwa suka fi fara darasi saboda tana tsaka-tsaki a tsawo da kishingiɗa, da mai lamba 9 domin bugun da ya rage kusa. Sai wejin yashi, sai fota.

Za a lura babu direba a cikin wannan lissafi, kuma ita ce sandar da sabon shiga ya fi ɗokin saye, ita ce kuma mafi tsada. Dalilan barin ta biyu ne. Ƙotarta ta fi kowace tsawo, kuma gwargwadon nisan kai daga hannu, gwargwadon wuyar dawo da fuska daidai a kan ƙwallo. Sannan fuskarta a tsaye take, don haka 'yar karkata kaɗan takan sa ƙwallon ya yi juyin gefe, ya lanƙwasa ya faɗa daji. Sandar da ta fi kishingiɗa tana sa ƙwallo juyin baya, wanda yake rage wannan lanƙwasa. Mita 150 a kan hanya ta fi mita 200 a cikin ƙaya. Idan kuma aka yi lissafi, a filin da ma'auninsa yake 72 ba a cika ɗaukar direba fiye da sau 14 ba, alhali an ware wa fota bugu biyu a kowane rami, wato 36, rabin wasan cif. Duk da haka da wuya a ga ɗan koyo ya tsaya gwada fota a kanti kamar yadda yake shafa direba.

6.0 Kai Mai Yafiya

Sandunan ƙarfe iri biyu ne ta fuskar ƙira. Akwai masu sumul ɗin baya, waɗanda nauyinsu ya taru a tsakiya, su ne gwanaye da dama suke so saboda suna ba su damar sarrafa ƙwallo yadda suka ga dama. Akwai kuma masu kwarmi a baya, waɗanda aka kwashe ƙarfen tsakiyarsu aka rarraba shi a gefe-gefe. Wanda ya yaɗa wannan ƙira shi ne Karsten Solheim, injiniyan da ya kafa kamfanin Ping, wanda fotarsa mai suna Anser ta fito a shekarar 1966.

Amfanin kwarmin yana bukatar ɗan bayani. Idan ƙwallo ya bugi gefen fuska maimakon tsakiya, kan sandar yakan murɗe, ƙarfin bugun ya zube, ƙwallon ya kauce. Abin da nauyinsa yake a gefuna ya fi wuyar murɗewa a kan wanda nauyinsa yake a tsakiya. Ɗan ga-ruwa ya san wannan a jikinsa: idan garewani biyu suna rataye a ƙarshen sandarsa, ba ya iya juyawa da sauri, amma da zai rungume nauyin nan a ƙirji da ya juya nan take. Haka kan sanda mai kwarmi yake tirjewa idan an yi bugun gefe, sai ƙwallon ya tafi kusa da inda aka nufa. Wannan shi 'yan wasa suke kira yafiya. Ɗan koyo, wanda mafi yawan bugunsa na gefe ne, ita yake bukata. Ya nemi kai mai faɗin fuska, mai kwarmi mai zurfi, mai faɗin gindi, domin faffaɗan gindi yana zamewa a kan ƙasa maimakon ya nutse.

Wejin yashi yana da wani tozo a gindinsa wanda yake hana shi nutsewa a cikin yashi. Gene Sarazen ne ya shahara da wannan ƙira, da ita ya ci gasar Open ta 1932. Girman tozon ya bambanta, kuma a nan yanayin ƙasa yana da ta cewa. Babban tozo yana da kyau a lallausan yashi da jiƙaƙƙiyar ƙasa. A busasshiyar ƙasa mai tauri, irin ta filayen Arewa a lokacin hunturu da bazara, yakan sa sandar ta yi tsalle ta bugi ƙwallo a ciki, ya fita kamar harsashi ya wuce farfajiya. Wanda zai fi wasa a irin wannan ƙasa ya zaɓi tozo matsakaici.

7.0 Dacewar Sanda da Jiki

Ƙota iri biyu ce, ta ƙarfe da ta girafait. Tun asali da itace ake yin ta, sai a shekarun 1920 hukumomi suka halatta ta ƙarfe. Ta ƙarfe ta fi araha da ƙarko. Ta girafait ba ta da nauyi, wani lokaci ba ta wuce rabin nauyin ta ƙarfe ba, kuma tana shanye girgizar bugu, don haka ta fi dacewa da dattawa da mata da masu ciwon gaɓoɓi. Kowace ƙota tana da gwargwadon lanƙwasarta, ana nuna shi da harafi a jikinta: L ita ce mafi taushi, sai A, sai R ta tsaka-tsaki, sai S mai tauri, sai X mafi tauri. Yawancin maza masu koyo R ce tasu. Girman kai yakan sa wasu su zaɓi S don kada a ce ba su da ƙarfi, sai ƙwallon ya riƙa tafiya ƙasa-ƙasa yana karkata dama. Saurin lilo ake dubawa, ƙarfin damtse ba ya cikin lissafi.

Tsawon sanda kuma ba da tsayin mutum kaɗai ake auna shi ba. Mutum yakan tsaya a miƙe, hannuwa a sake, a auna daga wuyan hannu zuwa ƙasa, domin dogo mai dogayen hannuwa yana iya amfani da sanda daidai da ta matsakaicin mutum. Idan sanda ta yi tsawo, bakin kanta yakan ɗaga sama lokacin bugu, ƙwallon na-dama ya tafi hagu. Idan ta yi gajarta sai akasin haka. Mariƙi ma yana da awo: idan aka riƙe shi da hannun sama, yatsun tsakiya su taɓa tafin hannu kaɗan, kada su nutse a ciki, kada kuma a bar giɓi.

Bahago yana da nasa sandunan, domin fuskar ta na-dama ba ta juyuwa, kuma sun fi wuyar samu a kasuwar gwanjo. Game da yara kuwa, kuskure ne a yanke sandar babba a ba yaro. Yankewa tana ƙara wa ƙota tauri, kan kuma yana nan da nauyinsa na manya, sai yaron ya koyi jan sanda maimakon lilo. Akwai sandunan da aka ƙera musamman gwargwadon tsayin yara.

8.0 Sabuwa ko Gwanjo

Ba a sayen sanda kafin darasi. Kusan kowane fili yana da ƙwararren mai koyarwa da wurin gwajin bugu, kuma akan sami sandunan aro ko na haya. Darasi uku ko huɗu sun isa mutum ya san ko zuciyarsa ta kama wasan, mai koyarwa kuma ya ga saurin lilonsa da tsayuwarsa, ya faɗa masa abin da ya dace da shi. Kuɗin darasin nan bai kai na direba guda ba.

Idan an zo saye, gwanjo ba abin kunya ba ne. Sandar ƙarfe mai kyau takan yi shekaru goma tana aiki, kuma tsofaffin 'yan wasa kullum suna sauya kaya suna sayar da na da. Sai dai a duba abubuwa kaɗan. A kalli layukan fuska, idan sun shafe a tsakiya sandar ta tsufa. A riƙe kai da mariƙi a murɗa, idan an ji motsi ko ƙara to gam ɗin da ya haɗa su ya saki. A mirgina ƙota a kan tebur a ga ko ta tanƙware, a duba tsatsa a ta ƙarfe da tsagewa a ta girafait. Mariƙin da ya bushe ya yi santsi ba aibi ba ne babba, ana sauya shi da kuɗi kaɗan. Zafi ne yake busar da shi, yake kuma raunana gam, shi ya sa ba a barin jaka a bayan mota a rana. Akwai kuma jabun kaya masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni. Sabuwar sanda mai babban suna da aka yi wa farashin banza abar tuhuma ce, kuma tsohuwar ta gaske ta fi ta.

Sauran kayan ba su da yawa. Ɗan koyo zai ɓatar da ƙwallaye da dama a ciyawa da ruwa, saboda haka masu arha ko waɗanda aka tsinto aka wanke sun wadatar. Safar hannu guda ake sawa, a hannun hagu ga na-dama. Takalmin motsa jiki mai kama ƙasa ya isa a farko, tare da hula da gorar ruwa. Yawancin ƙungiyoyi suna da ƙa'idar sutura, ya kamata a tambaya kafin a je. A kuma tambayi kuɗin rajista da na shekara da na shiga fili ga baƙo da na mai ɗaukar jaka, a haɗa su a auna da samu, domin waɗannan ne kuɗin da ba sa ƙarewa. Shi mai ɗaukar jakar nan bai kamata a raina shi ba. Ya fi kowa sanin filin, kuma da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya daga ɗaukar jaka suka fara.

9.0 Shiga Fili

Wanda ya iya ɗaga ƙwallo da mai lamba 7 sau shida ko bakwai cikin goma ya isa ya shiga fili, zai fi kyau tare da wanda ya san wasan, a lokacin da babu cunkoso. Ba a magana ko motsi idan wani zai yi bugu. Ba a bugu sai na gaba sun yi nisa, idan kuma ƙwallo ya nufi mutane sai a ƙwala ihun gargaɗi, domin yana iya yin mummunan rauni. Wanda ya shiga ramin yashi ya share sawunsa, wanda ya fasa ciyawa ya mayar da ita. Idan ayarin baya ya fi sauri a ba shi hanya. Tun daga gyaran dokoki na shekarar 2019, minti uku kawai aka ba mai neman ɓataccen ƙwallo, maimakon biyar na da. Da damina kuwa, da zarar an ji tsawa sai a ajiye wasa a nemi gini, domin mai riƙe da ƙarfe a tsakiyar fili ko a gindin itace yana cikin haɗari.

A wasan yau da kullum babu alƙali. Ɗan wasa ne yake ƙirga bugunsa, shi yake kuma ɗora wa kansa tara idan ya saɓa doka, ko da babu wanda ya gani. A gasar Open ta Amurka ta 1925, Bobby Jones ya shaida wa jami'ai cewa ƙwallonsa ya motsa lokacin da yake shirin bugu, aka ƙara masa bugu ɗaya. Da wannan bugun aka yi kunnen doki, ya kuma sha kaye a karawar raba gardama.

Ƙarin sanduna yana zuwa ne idan wasan ya nema. Ɗan koyo ya riƙa rubuta tazarar da kowace sanda take kai masa. Ranar da ya ga mai lamba 7 da mai lamba 9 sun zauna, kowace tana sauka a wurinta, kuma tsakaninsu akwai giɓin mita ashirin da yake rasa abin cike shi, to lokacin sayen mai lamba 8 ya yi. Haka zai bi ya ƙara mai lamba 6, da wejin da yake tsakanin lamba 9 da na yashi. Direba ita ce ta ƙarshe, bayan ta katako mai lamba 5 ta fara sauka a kan hanya fiye da yadda take kaucewa, kuma ko a lokacin ya nemi mai fuskar da ba ta kasa digiri 12 ba.